Tafkin da Aka Ce Rana Ta Shanye

Duk wanda ya san Malama Zulaihatu a Bodinga ya san ta da abu biyu, murya da saurin fushi. Muryar ce ta kai ta wani gidan rediyo a Sakkwato, inda ake ɗaukar karatunta na littafi ana sakawa duk Juma'a bayan la'asar. Fushin kuwa ɗalibanta ne suka fi ɗanɗana shi, sai mijinta Nasiru tela, wanda ya daɗe da gane cewa in ta fara, abin da ya fi masa shi ne ya sunkuyar da kai ya ƙara wa keken ɗinkinsa gudu.

Littafin da take karantawa a bana wani malamin makaranta ne a Shagari ya rubuta shi, Mansur. Irin littattafan nan ne na sauyin yanayi da ake yayi yanzu. Labarin wani gari ne a shekaru masu zuwa: zafi ya ƙaru, damina ta gajarce, rana ta shanye tafkin garin, mutane suka ɗaure kayansu suka watse. Zulaihatu ta so littafin har ranta. Ranar da ta karanta babin da wata tsohuwa a garin ta wanke ƙwaryarta a ruwan ƙarshe, sai da aka tsayar da ɗauka ta share hawaye. Mutane suna tare ta a kasuwa suna cewa ta sa su kuka, ita kuma tana jin daɗi, don me za a ɓoye. An riga an ɗauki babin ƙarshe, Juma'a mai zuwa za a saka shi.

Ana cikin haka ne Maimuna, matar yayanta Ɗanbaba, ta kira ta daga ƙauyensu, Tungar Marke, can bayan Kajiji. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Zulai, in kina da abin yi aje shi ki zaka gida. Yayanki za shi saida ma Alhaji Badaru hwadamar Baba. Ran Juma'a, in an sauko masallaci, gaban Maigari."

"Don mi?"

"Ya ce ruwa sun tahi ke nan, ba su komowa. Ya ce ke kic ce."

"Ni? Yaushe rabon da mu yi magana da shi?"

"Cikin rediyo mana. Duk garin ga an ji ki."

Zulaihatu ta ajiye waya ta tsaya a tsakar gida, ludayi a hannu. Wannan wace irin magana ce? Labari fa ta karanta, ƙagagge, an ma faɗa a farkon shirin. Amma ta san mutanen garinsu. A Tungar Marke abin da ya fito daga rediyo labarai ne, ko da waƙa ce. Balle kuma muryar 'yar Sarkin Noma, wadda suka ga ranar sunanta, suka ga ta tafi makaranta har ta zama malama. Wadda ta yi karatu haka ai ba za ta hau rediyo ta yi wa garinsu ƙarya ba.

Fadamar ita ce abin da mahaifinsu ya bar musu, su biyu. Tana gefen tafkin garin, kuma daga ita aka ci, aka sha, aka biya wa Zulaihatu makaranta da albasa. Tafkin ba marmaro gare shi ba. Wata ƙorama ce ke gangaro masa da ruwan damina daga tudu, in ya cika sai ya riƙe ƙasa da laima har bazara, a haƙa rijiya mai zurfin gaba guda ko biyu a tarar da ruwa. Ƙoramar tana tara rairayi, don haka duk shekara kafin ruwan fari Sarkin Noma yakan fito da gangarsa ya buga gayya, maza su fita da fartanya da kwando su yashe ta tun daga tudu har bakin tafki. Ba mai buga gangar nan sai shi. Da ya rasu, ganga da aikin suka koma hannun Ɗanbaba.

Shekarun nan tafkin ya daina cika. Zulaihatu ta sani, don duk sallah in ta je gida ana faɗa mata. Takan girgiza kai irin na wadda ta san dalili, ta ce ai duniya ce baki ɗaya, har ƙasashen Turawa. Sai a ce Allah shi kyauta, a kawo mata fura.

Ranar Alhamis ta shiga mota zuwa Kajiji, ta hau kabu-kabu. Mai babur ɗin ya ce hanyar gabas ta yi yashi, zai bi ta tudu. Rabonta da hanyar tudu tun tana budurwa. Bazara ce sosai, ƙasa ta yi fari, ko akuya ta haƙura ta kwanta a gindin aduwa. Suna cikin tafiya sai iska mai sanyi ta bugi fuskarta, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta ɗaga kai ta ga shingen waya mai tsawo, bayansa mangwaro da gwaiba da ayaba, shar, ganye har yana ƙyalli.

"Tsaya," ta ce.

"Lambun Alhaji Badaru na, Malama. Ba a shiga."

"Na ce ka tsaya."

Ta sauka ta bi gefen wayar da ƙafa har inda ƙoramarsu ta ratsa. A nan ta gani. Cikin shingen an gina datsi na siminti da duwatsu daga wannan gaɓa zuwa waccan, bai ma kai tsayin mutum ba. Bayansa ruwa ne kwance, mai faɗi, balbelu suna yawo a bakinsa, wani inji mai aiki da hasken rana yana ta zuba wa itatuwa. Gabansa kuwa, ɓangaren da ya nufi Tungar Marke, rairayi ne da tumfafiya. A jikin wayar an kafa allo mai koren fenti da sunan gidauniyar dashen itatuwa ta Alhaji. Sunan da ke bayan littafin Mansur ke nan. Sunan da ita da bakinta take yi wa godiya a ƙarshen kowane shiri, da muryarta mai daɗi.

Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba. Ashe ranar da ta shanye tafkinsu tana da suna, tana da mota, ta je Makka.

"Juya," ta ce wa mai babur. "Shagari za ni."

Ta tarar da Mansur a ƙofar gidansa yana duba takardun ɗalibai. Ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu ne, a tafkin nan ya koyi iyo, kuma kowa ya karanta littafin ya san wane tafki yake nufi, har kanyar da ke bakinsa ya saka. Ya miƙe da fara'a yana yi mata sannu da zuwa. Ba ta zauna ba.

"Malam Mansur, tambaya guda ta kawo ni. Cikin littahinka, wa yash shanye tabkin?"

"Ai ke kin hi kowa sani, Malama. Zahi na, da ƙarancin damina."

"Daga tudu niz zaka yanzu. Na ga damina kwance bayan waya."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya tattara takardun ya ɗora musu dutse.

"Damina ta ragu, Malama. Wannan ba ni na ƙaga shi ba. Tambayi kowane manomi."

"Ban musa ba. Ta ragu, zahi ya ƙaru, ni ma jikina yana ji. To ragowar hwa? Ina tat tahi? Ruwa sun ragu ga kowa, amma ayaba na nuna gidan mutum guda. Na karanta littahin ga tun daga bango har bango, mutanenka duk suna da ido na kuka, suna da ƙahwa ta gudu, babu mai hannu ko guda. Ba wanda ya ɗauki komi, ba wanda ya hana wani komi. Maigari da mai tallan hura duk ƙishi guda sukai. Ina ka taɓa ganin garin da ƙishi ya kama kowa daidai?"

Sai Mansur ya faɗi abin da ya ƙara tunzura ta. Ya ce a rubutunsa na farko akwai datsin, akwai attajirin, babi guda ya ba su. Da gidauniyar ta karɓi ɗaukar nauyin bugawa sai aka ce masa matsalar ta duniya ce, bai kamata a mai da ita rigimar ƙauye ba. Shi kuma ya ga da littafin ya ruɓe a akwati gara ya fito, ko da rabinsa ne, mutane su farka.

"Sun hwarka," ta ce. "Yayana ya hwarka, gobe za shi saida gonar ubanmu. Ka cire mutum guda cikin labari, ka kwashe gari guda daga gidajensu."

"Malama, ƙagaggen labari na rubuta."

"Ka je Tungar Marke ka hwaɗa musu haka."

Tana fita ta kira Kamilu, mai shirya shirin a gidan rediyo. Ta ce kada a saka babin ƙarshe, ko kuma a ba ta dama ta yi magana kafin a saka. Kamilu ya yi dariya irin ta mutanen ofis, ya ce an riga an jera shiri, mai ɗaukar nauyi ya saurara ya yaba, har yana tambaya ko za a maimaita daga farko. Ya ce ta kwantar da hankalinta, muryarta ta fita tas. Ta kashe wayar yana cikin magana.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Ɗanbaba yana zaure a kan buzu yana ɗinke bakin wani buhu, irin wanda 'yan ci-rani ke zuba tufafi. Sama da kansa gangar mahaifinsu tana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida tsakaninta da bango. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, don duk fushinta ba ta taɓa tsallake wannan ba. Sannan ta zazzage masa komai: datsin, ruwan, allon, abin da Mansur ya faɗa. Ta ce ta yi kuskure, ta karanta musu rabin magana. Ta ce ruwansu bai tafi ko'ina ba, yana nan tafiyar da ba ta kai ta zuwa Kajiji ba.

Ta zaci zai zabura. Ɗanbaba ya ci gaba da ɗinkinsa har ya kai ƙarshen layi, ya ciji zaren.

"Zulai, kin zaci akwai wanda bai san datsin ga ba cikin garin ga?"

Ta kalle shi.

"Gaban idonmu anka gina shi. Mutanenmu sunka yi leburanci. Shekarar hwarko mun tahi ga Maigari, ya ce a yi haƙuri, manya na magana. Ta biyu nid ɗauko ganga, na tsaya nan inda kike. In buga, in tara maza, mu yashe rairayi har bakin wayar Alhaji, sannan mi? Mu tsaya muna kallon juna? Ko mu hwasa? Wanda duk ya hwara kai hannu kin san inda za shi kwana, kuma ba shi da mai hiddo shi. Sai na maida ta ga ƙusa."

"To mi ya sa ka ce ni nic ce?"

"Don ke kic ce." Ya ɗago ya dube ta a karon farko. "Kin san yadda nike bi cikin garin ga kahin ki hwara karatun nan? Ta bayan gida nike zuwa masallaci. Tsohi su dube ni su dubi ƙasa. Ɗiyana su tambaye ni yaushe za a yi gayya irin ta Kaka, in rasa ta cewa. Kowa na jin kunyar kowa. Sai ga muryarki, kin ce rana ta, kin ce duniya duk haka take, ba laihin kowa. Wallahi Zulai tun ran nan nike barci. Tsohi sun koma amsa gaisuwata. Kin yi muna alheri, kada ki zo ki karɓe."

Wannan ta fi datsin zafi. Da a ce yaudararsu ta yi, da sai ta gyara, ta bi gida gida ta ce ga gaskiya. Ashe gaskiyar tana hannunsu tun tuni, nauyi ta yi musu, suna neman inda za su ajiye, ita kuma ta zo da muryarta ta shimfiɗa musu tabarma. Ta ji haushin Alhaji, ta ji haushin Mansur, ta ji haushin yayanta da buhunsa, amma wanda ya fi ci mata rai shi ne na matar nan da ta yi kuka a ɗakin ɗaukar murya tana jin ta yi wa duniya aiki.

"Ba ka saida ta," ta ce.

"Na riga na ba da baki."

"Ka ba da bakinka. Nawa hwa?"

Ɗanbaba ya ajiye allurar. Ya gane inda ta dosa, fuskarsa ta canza.

A Tungar Marke mace tana da gado a gona, kowa ya san haka, liman yana faɗa. Amma ba a taɓa jin wadda ta ce a auna mata ba. Kasonta yakan zauna a hannun ɗan'uwanta, shi ya noma, duk kaka ya aika mata buhun gero da kwandon albasa har gidan mijinta. Buhun nan ba abinci kaɗai ba ne. Shi ke nuna tana da gida, tana da wanda zai tsaya mata ranar da ta shiga uku. Wadda ta ce a ja igiya tsakaninta da ɗan'uwanta ta ce ba ta bukatarsa ke nan, kuma haka gari zai ɗauka har jikokinta.

"Kada ki yi man haka gaban mutane," ya ce a hankali.

"Kai ma kada ka yi."

Maimuna ta kawo tuwo, ya huce a inda ta ajiye shi.

Washegari da aka sauko daga masallaci maza suka taru a ƙofar Maigari, ƙarƙashin dalbejiya. Alhaji Badaru ya zo da kansa, farar shadda, fuska a sake, yana miƙa wa kowa hannu har da waɗanda ba su kai ba. Mutum ne mai daɗin mu'amala, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, bai taɓa bukata ba. An fara magana ke nan sai aka ga mace ta fito daga lungu ta nufo taron. Ta cire takalmi daga nesa, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Allah shi ba ka nasara. Allah shi ja zamaninka. Ɗiyarka ta, Zulaihatu ta Sarkin Noma."

Maigari ya yi murmushi. "Mai rediyo. Lahiya dai?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Hwadamar da za a saida, da haƙƙina ciki. Ina roƙo a hidda man kasona kahin a yi ciniki. Ni ba ni saidawa."

Wani tsoho ya yi salati. Ɗanbaba ya kafa idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Maigari ya ce wannan ai maganar cikin gida ce, a je a sasanta. Zulaihatu ta ce an gwada. Aka juya ga liman, shi kuma duk da bai so ba, ba zai iya cewa babu abin da yake akwai ba. Ya ce su biyu ne magada, namiji da mace, tana da kashi ɗaya cikin uku, in ta nema sai a ba ta.

Alhaji Badaru bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Ya ce ai shari'a gaba take da kowa, a ba Malama haƙƙinta, ta zaɓi inda take so, ko gindin kanya ne inda ƙasa ta fi kyau.

"Ta sama nike so," ta ce. "Inda ƙorama ka shigowa."

Wasu suka yi dariya. Nan ne mafi muni a duk fadamar, rairayi tsantsa, ko ƙaya ba ta fitowa da kyau. Amma Alhaji bai yi dariya ba, don shi ya san taswirar da ke kansa. Wannan yankin shi ne tsakanin wayarsa da sauran fadamar. Muddin ba nasa ba ne, shingensa ba zai haɗe ba, kuma busasshiyar ƙoramar za ta ci gaba da zama a fili, daga gindin datsinsa har bakin tafki, inda duk mai wucewa zai gani.

"Malama, rairayi kika zaɓa," ya ce da taushin murya. "Mi za ki shuka ciki?"

"Ba komi, Alhaji. So nike in an tambaye ni mi ya kashe tabkin, in nuna da hannu."

Aka ɗunguma zuwa fadama da igiya. Ɗanbaba da kansa ya riƙe bakin igiyar, ya ƙi bari wani ya taɓa. Ya ja, ya kafa turke, ya sake ja, bai dube ta ba ko sau ɗaya. Zulaihatu tana tsaye tana jira. Har lokacin tana da sauran fata. Ta ɗauka in ya ga ƙanwarsa mace ta tsaya gaban Alhaji ba ta mutu ba, wani abu zai motsa a ƙirjinsa, ya ce shi ma ya fasa. Da aka gama awo Maigari ya tambaye shi sauran fa. Ɗanbaba ya ce magana tana nan yadda aka yi ta. Suka tafa hannu da Alhaji, liman ya yi addu'a, aka shafa. Gindin kanyar da mahaifinsu ke sallar la'asar ya zama na lambu.

Mutane suka koma inuwar kanyar suka zazzauna, don rana ta karkata kuma wani ya zo da rediyonsa. Ɗanbaba ya nufi gida. Ba a jima ba ya dawo da gangar a kafaɗa, ya tako har cikin rairayinta ya ajiye a gabanta, da makaɗin.

"Ta mai hwadama ta," ya ce. "Ni ba ni da hwadama."

"Yaya."

"Bana kada ki jira buhu. Ko baɗi."

Ya juya. Ta bi bayansa da kallo har ya shige lungu, bai waiwayo ba. Nan ne hawayen suka zo mata, na haushi da na rashi a haɗe, don ta san abin da ta saya da abin da ta bayar, kuma ba wanda ya tilasta ta.

Daga gindin kanya aka ji kiɗan buɗe shiri. Sai ga muryarta, a natse, mai daɗi, tana yi wa masu sauraro sallama. Ta fara babin ƙarshe, inda mutanen garin suka tsaya a bakin busasshen tafki suka yafe wa juna, don sun gane ba wanda ya yi musu komai, sama ce ta juya musu baya. Mazan Tungar Marke suka kasa kunne suna gyaɗa kai. Alhaji Badaru, da ya riga ya buɗe ƙofar motarsa, ya tsaya ya saurara, hannu a ƙirji.

Zulaihatu ta sunkuya ta ɗauki makaɗin. Ba a taɓa ganin mace ta taɓa gangar nan ba, ita ma ba ta san yadda ake kiɗan gayya ba, abin da kunnenta ya riƙe tun tana yarinya kawai take da shi. Ta ɗaga hannu ta buga da duk ƙarfinta. Fatar ta daɗe a rataye, ta saki, sai ta ba da wani sauti maras amo kamar an bugi buhun dusa. Ta sake bugawa. Ta sake.

Kawuna suka juyo daga gindin kanya. Sun gan ta, sun kuma gane kiɗan, duk da lalacewarsa. Wani tsoho har ya dafa ƙasa kamar zai tashi, ya dubi na kusa da shi, ya dubi motar Alhaji, ya gyara zama. Sai mai rediyon ya miƙa hannu ya ƙara masa murya.